Ruwan Da Muke Shayar Da Tsofaffin Motocinmu

Akwai garuruwa da ƙauyuka a ƙasar nan waɗanda idan damina ta kankama, daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, ƙaramar mota ba ta isa gare su. Hanya takan koma taɓo, rafi ya cika ya shafe mashigi, sai babur, sai jaki, sai kuma wata tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu wadda kowa a garin ya san ƙararta tun daga nesa. Ƙauyenmu yana cikin irin waɗannan, kuma tsohuwar motar da ake sauraron ƙararta a can tawa ce, Toyota Land Cruiser ƙirar 1994. Ita ke kai taki, ita ke fito da mai naƙuda zuwa asibiti idan haihuwa ta zo da gardama, ita ce kuma ke mai da gawa gida idan kwana ya ƙare a birni. Saboda haka idan mai karatu ya ga na ware shafi guda ina magana a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tulun shayi girma ba, ya yi mini uzuri. A wurinmu lafiyar wannan ɗan ƙarfe tana haɗe da lafiyar mutane.

Injin mota gidan wuta ne. Daga cikin ƙarfin man da yake ƙonawa, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke isa ga ƙafafu. Wani kason ya bi salansa ya fita tare da hayaƙi, saura kuwa zafi ne da ke zama a jikin ƙarfe, kuma ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto iska ta sha. Ruwan nan ba ya zagayawa da kansa. Famfon ruwa, wanda makanikai ke kira wata-fam, shi ke tura shi. In ka buɗe famfon ba za ka ga wani abin mamaki ba. Sanda ce ta ƙarfe tana juyawa a kan boris. Ta waje fambel ke jan ta, ta ciki kuma tana ɗauke da wani faifai mai fukafukai da ke kaɗa ruwa. A tsakani akwai sil, wato wasu zobba biyu masu santsi da sifirin ke danne su da juna domin kada ruwa ya kai ga boris. Iyakarsa ke nan.

Waɗanda suka ƙera shi sun san wata rana sil zai gaji, sai suka huda ɗan rami a jikin famfon, tsakanin sil da boris. Da zarar sil ya fara sakin ruwa, ta nan zai ɗigo ya fita waje. Ramin nan aiki biyu yake yi: yana kare boris daga ruwa, yana kuma sanar da mai mota cewa lokaci ya gabato. Abin takaici, na sha ganin an toshe shi da tsinken ashana ko gam, mai mota ya biya kuɗin aiki ya tafi yana murna yoyo ya tsaya. Yoyo bai tsaya ba, hanya ya sake. Yanzu ruwan cikin boris yake shiga yana wanke giris. Ga shi kuma a irin waɗannan motoci fanka a kan wannan sandar take ɗaure, don haka ranar da boris ya watse, fanka kan karkace ta sari lagireto. Aikin famfo ɗaya ya zama aikin famfo da fanka da lagireto, a tsakiyar daji.

Da can mutum yana iya cewa in ta lalace a sake wata. Yanzu wannan magana ta ƙare. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma kusan kowane ƙarfe da ke jikin motar nan daga waje ake shigo da shi. Sabuwar mota irin wannan sai gwamnati da manyan ƙungiyoyi. Inji ɗan Beljiyam ma ya fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa. Abin da ke hannunmu shi ne abin da muke da shi. Injin da ke cikin tawa, wanda ake kira 1HZ, ya fara fitowa a 1990: na gas ne, silinda shida, lita 4.2, babu kwamfuta a jikinsa, kuma ya yi suna wajen juriya daga Ostireliya har Sahara. Yana jure ƙura, yana jure lodi, yana jure man da ba shi da kyau sosai. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi. In ya tafasa da gaske sau ɗaya, gasket na iya ƙonewa, kan injin, wanda ake kira tof, na iya tsagewa, kuma kuɗin tof ya ninka kuɗin famfo sau da yawa.

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana, na lura ruwan ɗan tankin da ke gefen lagireto yana raguwa kaɗan kaɗan. Ƙasa ba ta jiƙe ba, domin ɗigon yana bushewa a jikin inji kafin ya sauka. Na haska tocila ta ƙasa da asuba, inji yana sanyi, sai ga wani ɓawon datti ja-ja ya yi layi daga ramin nan zuwa ƙasa. Na kama fanka da hannu biyu na girgiza, na ji tana ɗan wasa. Motar tana tafiya lafiya, allurar zafi tana zaune a tsakiya kamar kullum. Amma wannan allura na daɗe da sanin halinta: ba ta motsawa sai magana ta yi nisa. Bugu da ƙari, idan ruwa ya ƙare ƙaf, na'urar da ke auna zafin takan zauna a iska, sai allura ta nuna lafiya alhali inji yana cin kansa. Damina saura wata biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai na kai ta gareji a makon.

Makanikin da nake zuwa wurinsa dattijo ne, ya haura shekara talatin yana kwance irin waɗannan injuna. Da ya fitar da famfon ya juya shi ya miƙo mini, sai na ga fukafukan nan sun ci sun siraɗe kamar ganyen da fara ta bi ta kansa. Biyu daga ciki ma sun kusa ƙarewa. Ya ce, "Malam, wannan ba tsufa ba ne. Ruwan rijiya ne." Na ce, "Baba, ai tun da na saye ta ban taɓa zuba mata ruwan rijiya ba." Ya yi murmushi ya ce, "Kai ne ka fara aurenta?" Gaskiyarsa. A gwanjo na saye ta, bayan ta ratsa hannu biyu ko uku, kuma ranar da aka fara wanke mata ciki abin da ya fito jan kunu ne.

Nan ne maganar take. Mun ɗauka ruwa ruwa ne, duk wanda ya samu a zuba: na rijiya, na burtsatse, na rafi, har na kududdufi idan ta matsa. Duk matar da ke dafa shayi ta san farin dattin da ke kama gindin tukunya idan an daɗe ana tafasa ruwan rijiya. Wannan datti shi ne ke kama cikin inji da siraran bututun lagireto, ya toshe wasu, ya hana zafi ratsa sauran. Tsatsa kuma na biye. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, wasu sassa na alminiyam ne, tsohon lagireto kuwa jan ƙarfe da tagulla. Idan ƙarafa daban daban suka zauna cikin ruwa mai gishiri-gishiri, sukan zama kamar batir, wani ya riƙa cin wani. Ɓarɓashin tsatsa da yashi su bi ruwa su shiga tsakanin zobban sil su karce su. Ruwan da ya kamata ya riƙa shafa wa sil santsi shi ne ya zama dutsen washi.

Idan ka kawo zancen ruwan sanyaya inji, wanda ake sayarwa a galan, ja ko kore, amsar da za ka ji ita ce, wannan ai na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ina ruwanmu da daskarewa? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ba na son in ɓoye shi. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana hana ruwa daskarewa, abin da ba ya damun mutumin Sakkwato ko Maiduguri, kuma tsurar ruwa ya ɗan fi shi saurin kwashe zafi. Sai dai ba don gilaikol kaɗai ake sayensa ba. A cikinsa akwai magungunan hana tsatsa, su ne abin da muke buƙata, kuma su ne suke ƙarewa, shi ya sa ake sauya shi duk bayan shekara biyu ko makamancin haka ko da launinsa bai gushe ba. Launin kuwa rini ne kawai. Na taɓa ganin galan da aka sayar wa wani abokina, wanda ba kome ba ne face ruwa da aka rina. Na gaske yana da ɗan santsi a tsakanin yatsu. Yana kuma da zaƙi, kuma guba ne: wanda aka zubar daga mota kada a bar shi a kwano inda awaki ko yara za su kai baki. Ruwan da za a sirka shi da shi kuma ya zama tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, marar asid. In bai samu ba, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Murfin lagireto ma yana da nasa aikin, ko da yake an fi ɗaukarsa marufi kawai. Tsurar ruwa yana tafasa a digiri 100. Murfin yana riƙe matsi a ciki, wanda ke ɗaga wannan iyaka zuwa kusan 120. Murfin da robarsa ta mutu ya kwashe wannan tazara gaba ɗaya, kuma shi ne mafi araha a duk kayan da na lissafa.

Inda muka saɓa da dattijon nan shi ne kan tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumi zuwa wajen digiri 80, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Ya fitar da shi ya ajiye gefe, ya ce, "Wannan a yar da shi, Malam. Ƙasarmu ba ta Turawa ba ce, shi ke riƙe ruwa mota ta yi zafi." Wannan ra'ayi ya zama kamar doka a garejinmu, kuma na san inda ya samo asali. Tamostat da tsatsa ta cinye yakan maƙale a rufe, mota ta tafasa, a cire shi ta huce, sai kowa ya shaida cewa shi ne mai laifi. Amma mai laifin ai tsatsa ce. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubahin hunturu, sai ya ƙara shan mai, ya yi hayaƙi, ya ci jikinsa. A injuna da yawa kuma tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. In an cire shi wannan hanya a buɗe take har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewaye a ciki. Na ce, "Baba, a gwada shi tukuna." Yaronsa ya ɗora ruwa a kan risho muka jefa shi ciki. Ruwa ya kusa tafasa bai buɗe ba sai ɗan kaɗan. Dattijo ya dube ni ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani, a sayo sabo. Bai yarda da ni ba har yau, amma ya ɗaura. Ina girmama shi a kan haka.

Sayen famfon kansa wani karatu ne. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan gyaran mota, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ya san tambayar farko da ake yi wa mai saye ita ce, wanne kake so? A wani shago da na je an jera mini uku a kan kanta, kwalayensu kusan iri ɗaya, kuɗin na farko ya ninka na ukun fiye da sau biyu. Kamfanin Aisin na Japan yana cikin masu ƙera wa Toyota famfunan ruwa, don haka ganin sunansa a jikin ƙarfe alama ce mai kyau, sai dai masu jabu ma sun iya rubutu. Abin da ya fi suna shi ne hannu. Na kirki yana da nauyi, fuskar da za ta zauna a jikin inji sumul take, kuma in ka juya sandarsa za ka ji tana tafiya da ɗan tauri, babu ƙara babu wasa. Na ukun nan kuwa yana juyawa sakaka kamar kan faifan keke. Akwai kuma masu cewa a sayi tsohon famfo ɗan Beljiyam tunda asali ne. A wasu kaya ina tare da su, ban da wannan. Sil da ya shekara a bushe a cikin kwantena ba abin dogaro ba ne. Na ɗauki na farko ina jin zafin kuɗin har cikin raina.

A nan ya kamata a yi wa makanikai adalci. Mu masu mota mu ne ke cewa a lallaɓa. Mu ne ke tambayar babu mai sauƙi? Mu ne ke tsaye a kan makaniki muna duba agogo. Wanda aka ba kuɗin ashana ba zai ɗaura famfo ba. Ɗanyen ƙwai da garin taba da ake zuba wa lagireto mai yoyo dabara ce ta fitar da mota daga daji zuwa gari, kuma ba na raina ta a wurinta. Matsalar ita ce in an iso garin sai a manta, dabarar kwana ɗaya ta zama gyaran shekara.

Aikin ɗaurawa ba shi da wuya, natsuwa yake so. A bar inji ya huce, a cire kan batir, a zubar da ruwa, a kwance rumfar fanka da fanka da fambel. A wannan injin famfon yana maƙwabtaka da taimin bel, wanda ake sauyawa duk bayan kilomita 100,000, har akwai fitilar da ke kamawa a gaban direba domin tunatarwa. Tunda hanya ɗaya ce, hikima ita ce a haɗa su a yi lokaci guda, domin in wannan bel ya tsinke ana tafiya fistin da bawul ne za su yi karo. Kusoshin famfon tsawonsu ba ɗaya ba ne. Dattijon ya sa yaronsa ya zana siffar famfon a jikin kwali, duk wadda aka cire a soke ta a gurbinta. Sai a kankare tsohon gasket tas ba tare da an karce ƙarfe ba. A nan ne aka fi yin ganganci: a bar guntun tsohon, a lafta gam mai yawa a kai, rarar gam ɗin ta ɓalle ta ciki ta je ta toshe lagireto. Kusoshi kuma a ɗaure su bi da bi, wannan gefe sannan wancan, ba a sa wa sifana bututu a hau kai ba.

Fambel biyu ne ke jan famfon, kuma tare ake sauya su, domin in ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, sabon kaɗai ke aiki. Ɗaurinsu ma da ƙa'ida. In ka danna tsakiya da babban yatsa ya kamata ya ɗan lotsa kamar faɗin yatsa guda. Yara masu koyon aiki suna son su ja shi ya yi tauri kamar tsirkiya don kada ya yi ƙara, kuma wannan ɗaurin ne ke kashe boris ɗin sabon famfo cikin 'yan watanni, a dawo ana zagin mai shago. Daga nan aka wanke ciki har ruwa ya fito fari, aka sauya tiyo biyu da suka yi laushi, aka zuba sabon ruwa a hankali, aka bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita. Washegari da safe na sake dubawa na ƙara abin da ya ragu.

Wani zai ce duk wannan hidima a kan motar da ba ta gudu? Ai rashin gudun ne ya sa. Mota a kan kwalta iska ke shigar mata ta gaba kyauta. Amma idan ta shiga yashi ko taɓo aka sa mata ƙaramar giya, inji yana kuka da ƙarfinsa, ita kuwa tana tafiyar hawainiya, babu iskar da ke shiga sai wadda fanka ta jawo, babu ruwan da ke zagayawa sai wanda famfo ya tura. Famfo mai cinyayyun fukafukai yana iya kai ka Abuja ka dawo ba ka san da matsala ba, ya kuma kunyata ka a mashigin rafin da bai fi taku hamsin ba. Direbobin tsofaffin Land Rover da ke hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu sun san wannan karatu, ga hawa ga lodi, ga shi kuma a tudun da ya haura mita 1,500 ruwa yana tafasa tun a wajen digiri 95. Haka masu ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku, inda ruwan da mota ta zubar daga na shan fasinja za a biya shi.

Motata ba ta zuwa ko ɗaya daga cikin wuraren nan, amma takan kwana a ƙauye, kuma ba kullum ni ke tuƙa ta ba. Duk wanda zai karɓi makulli, ƙanena ne ko ɗan maƙwabci, sharuɗɗa uku nake gindaya masa. Akwai jarka mai lita biyar a bayan kujera da ruwan da aka riga aka sirka, daga ita kaɗai za a ƙara. Idan allura ta wuce tsakiya ko ya ji wari mai zaƙi-zaƙi daga gaba, ya tsaya nan take, ko da gari yana hango shi. Kada kuma ya buɗe murfin lagireto ko ya kwara wa inji ruwan sanyi sai ya iya ɗora tafin hannunsa a kan tiyon sama ya bar shi. Fambel biyu na ajiya da sifana mai lamba 12 da mai lamba 14 suna ƙarƙashin kujerar direba, ranar da za a sake sauya ruwan kuma na rubuta ta da fenti a cikin bonet.